Fili ɗaya, hidima goma: inda mutanen Sokode da Dapaong ke taruwa

A birnin Sokode da ke tsakiyar ƙasar Togo, fili ɗaya ne ake shimfiɗa darduma a cikinsa da safiyar Idi, a buga ƙwallo a cikinsa da yammacin Lahadi, a kuma saki linzamin dawaki a cikinsa ranar bikin gargajiya. Idan kakar zaɓe ta zo, nan 'yan siyasa ke kafa lasifikokinsu. A takarda sunansa filin wasa na gari, kuma an ƙiyasta yana ɗaukar mutum kusan 10,000. Garin kuwa, a ƙidayar 2010, mutum 95,070 ne a cikinsa, kuma ya ƙaru tun daga lokacin. Ke nan ko an cika filin maƙil, mutum ɗaya cikin goma ne ya samu shiga, sauran sai dai su ji sowa daga bayan katanga.

Kusan kilomita 300 arewa da nan, a kan babbar hanyar da ta taso daga Lome ta nufi iyakar Burkina Faso, akwai Dapaong, babban birnin yankin Savanes, wanda ƙidayar 2010 ta ba shi mutum 58,071. Shi ma filinsa na gari haka yake shan aiki.

A wasu biranen Afirka an gina zauruka na musamman domin irin wannan hidima. Dakar Arena da aka buɗe a Diamniadio a 2018 yana ɗaukar mutum 15,000. Na Kigali, wanda aka buɗe a 2019 kuma yanzu ake kira BK Arena, yana ɗaukar 10,000, daidai da filin Sokode. A irin waɗannan wurare, yau a yi ƙwallon kwando, cikin dare ma'aikata su kwashe daɓen, gobe a wayi gari an kafa dandamalin mawaƙa. Injiniya ne ya zauna ya zana su da wannan niyya. Filayen Sokode da Dapaong kuwa ba wanda ya zana su domin hidima goma. Buƙatar jama'a ce ta ɗora musu, kuma suna ɗauka shekara da shekaru da ɗan abin da suke da shi: katanga, rumfa, da ƙasa mai faɗi.

Garin fatake da mayaƙan doki

Bahaushe ba baƙo ba ne a Sokode. Tun kafin Turawa su zo, ayarin fatake daga Kano da Katsina ke ratsa Bargu, su bi ta Jugu a ƙasar Benin ta yau, su yada zango a ƙasar Kotokoli kafin su ƙarasa Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga. Unguwar Didawure, wadda ita ce cibiyar Musulmin garin tun asali, 'yan kasuwa da malamai ne suka kafa ta a kan wannan hanya, cikinsu har da Hausawa da Wangarawa. Har gobe akwai unguwar Zango a garin, kuma mai jin Hausa ba zai rasa abokin hira a kasuwa ba.

Masu ƙasar, mutanen Tem waɗanda muka fi sani da Kotokoli, sun yi suna da dawaki. A ƙarshen ƙarni na 19 sarkinsu Uro Jobo Bukari, mai zama a Kparatao, yana da rundunar mahaya da ake kira Semasi, waɗanda maƙwabta ke shakka. Ya ƙulla hulɗa da Jamusawa, su kuma suka kafa barikinsu a Sokode gab da ƙarewar ƙarnin, suka mayar da wurin cibiyar mulki. Ƙauyukan da ke warwatse a kan tuddai suka riƙa haɗewa har suka zama birni guda.

A wancan zamani kowane taro da muhallinsa. Na sarauta a ƙofar fada, na addini a ƙofar masallaci, na kiɗa da rawa a dandalin unguwa ko bakin kasuwa. Da gari ya girma, waɗannan wurare suka yi kaɗan, gidaje suka cinye sararin da ke tsakaninsu, sai aka riƙa kwaso manyan tarurruka ɗaya bayan ɗaya ana kai su wuri guda mai katanga.

Babban abin da ake kaiwa shi ne bikin Gadawo da Adosa. Asalinsu biyu ne aka gama. Gadawo godiya ce ta mutanen Tem bayan an kawar da amfanin gona. Adosa kuwa na mutanen Didawure ne, yana da alaƙa da watan Mauludi, kuma shi ne ake yi wa laƙabi da bikin wuƙaƙe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen 'yan tauri a Katsina ko Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba. Namiji zai fito tsakiyar fage, ganga na tashi, ya ɗaga riga ya kafa kaifin wuƙa a cikinsa ko a damtsensa ya ja da ƙarfi, ya sake ja, sannan ya juya ya nuna wa jama'a fatar ba ko ɗigon jini. Wani takobi yake ɗauka. An ce sun sha magani, sun yi wanka da shi, kamar dai yadda ake faɗa a wajenmu. Yara maza ma ana shigo da su, domin asalin abin gwajin jarumtar mayaƙa ne. Bayan su mahaya su shigo, da rawuna da manyan riguna, dawaki sun sha ado, a zaburo a guje a ja linzami daf da jama'a, doki ya tashi tsaye ƙura ta turnuƙe. Mata kuma suna da nasu, rawar Koso, inda ake fito da zannuwan da aka adana domin wannan rana.

Kai bikin cikin filin wasa ya yi amfani, wannan ba musu. Tsoho da mai goyo sun samu wurin zama. Doki ya samu sararin sukuwa ba tare da ya bi ta kan tiren mai talla ba. 'Yan asalin garin da ke zaune a Lome, da Ghana, da Jamus inda Kotokoli suke da yawa, sun san ranar da za su zo da wurin da za su tsaya. Amma akwai abin da ya canza, kuma ya kamata a faɗe shi. A dandalin unguwa, da'ira ake yi, mai wasa yana tsakiya, kowa na ganin fuskarsa, kuma ganga ce ke cewa ya isa. A filin wasa kuwa fuska ɗaya ake kallo, wato rumfar manyan baƙi. Kowace tawaga a ba ta 'yan mintoci, ta wuce ta gaban minista da gwamna da sarakuna, ta fita. Talakan da ya sha rana tun hantsi a ɗaya ɓangaren, ƙeyar masu rawa yake gani. Jawabai kan ci lokacin da ya fi na wasan kansa. Wannan ba ciwon Togo kaɗai ba ne, duk wanda ya halarci bikin al'adu da gwamnati ta shirya a arewacin Najeriya ya san shi. Abin da ya ceci hawan Sallah na Kano, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a Disamban 2024, shi ne har yanzu titunan birni yake bi, ya ratsa unguwanni, sarki ya je inda jama'a suke. Ina ganin masu shirya Adosa za su yi wa garinsu alheri idan suka riƙe ɓangaren da ake yi a cikin Didawure da muhimmanci daidai da na filin, kada ya zama share fage kawai.

Ranar ƙwallo

Sunan mayaƙan nan ne ƙungiyar ƙwallon garin ta ɗauka. Semassi ta Sokode ta ci gasar Togo sau 10, ciki har da uku a jere daga 1981 zuwa 1983, da wasu ukun a jere daga 1993 zuwa 1995, na ƙarshe kuma a 2014. Masu shekaru a Najeriya za su iya tuna ta: a 1984 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka, inda Shooting Stars ta Ibadan ta fitar da ita, kafin ita ma Shooting Stars ɗin Zamalek ta Masar ta doke ta a wasan ƙarshe. Ƙungiyar da ke kilomita 340 daga babban birnin ƙasa, a garin da ba shi da tashar jirgin ruwa ko manyan masana'antu, ta shiga huɗun farko a nahiya. Ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ƙwallo ɗaya tilo da Togo ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, wadda aka zura wa Koriya ta Kudu a Jamus a 2006, ɗan Sokode ne ya ci ta, Mohamed Kader.

Ranar wasa, tun kafin la'asar babura ke cika bakin filin. Masu sayar da ruwan leda, da gyaɗa, da ƙosai, da soyayyen cuku na Fulani da ake kira wagashi, kowa ya kama gefensa. Yaran da ba su da kuɗin shiga su nemi bishiya ko katangar maƙwabta. Makaɗa su zauna a tsakiyar magoya baya, ganga ba ta tsayawa sai an tashi. Ga mace mai tuya a ƙofar fili, wasan gida ɗaya na iya zama cinikin da ya fi na sauran kwanakin mako, don haka duk ranar da aka ɗage wasa ko aka mayar da shi wani gari, ba 'yan ƙwallo kaɗai ke asara ba. Semassi ma ba ita kaɗai ke amfani da filin ba, akwai Unisport da Tchaoudjo Athletic Club, ga kuma ƙananan ƙungiyoyin unguwanni da na makarantu da ke jiran a ba su rana.

A nan ne hidima goma ke nuna tsadarta. Abin da ɗan ƙwallo ke so daga ƙasa daban, abin da doki ke yi mata daban. Kofato yana tona fili. Turakun rumfa suna barin ramuka. Motar da ta shigo da kujeru da lasifika tana barin sawu, idan ƙasa na da danshi sawun ya bushe ya zama kunya. Sallar Idi kuma kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11, don haka wasu shekaru a rani take faɗowa, wasu a tsakiyar damina, kuma daminar Sokode doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba. Dubban mutane su taka jiƙaƙƙen fili da safe, bayan kwana biyu alƙalin wasa ya busa usur a kansa. Wanda ya gurɗe a ƙafa, shi ya biya kuɗin taron da bai shirya ba. Maganin wannan ba ya buƙatar biliyoyi: a ware gefen da dawaki za su bi, a hana mota hawa wurin wasa, a sa kuɗin gyara cikin kuɗin hayar fili, a kuma tabbatar an yi gyaran kafin wasa na gaba.

Dapaong a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci

Dapaong wata duniya ce. Ƙasar ta fi bushewa, zafin Maris da Afrilu kamar na Sakkwato, hunturu kuma da ƙura. Mutanen Moba ne suka fi yawa, tare da Gurmawa, da Mosi, da Fulani, da Hausawan da kasuwa ta zaunar. Kasuwar garin tana ci Laraba da Asabar, ana zuwa daga Burkina Faso da arewacin Ghana. Babban bikinsu Tingban-Paab, na godiya ne bayan girbi, ana yin sa a watan Disamba, lokacin da gero da dawa suka shiga rumbu. Tawagogin ƙauyuka ne ke fitowa da kiɗansu da rawarsu, kuma idan taron ya haɗu a Dapaong, filin wasa na gari ne ke ɗaukarsa. Ƙungiyar ƙwallon garin, Foadan, nan take karɓar baƙinta. A garin ne kuma aka haifi Djené Dakonam a 1991, ɗan wasan bayan da ya bi ta Benin da Coton Sport ta Garwa a Kamaru, ya isa Getafe ta Sifaniya a 2017, ya kuma zama kyaftin ɗin tawagar Togo.

Sai dai tun 'yan shekarun nan, tara jama'a a wannan yanki ya daina zama abu mai sauƙi. Rikicin masu ɗauke da makamai na Sahel ya gangaro daga Burkina Faso. An kai hari na farko a Sanloaga da ke gundumar Kpendjal a Nuwamban 2021. A daren 10 zuwa 11 ga Mayun 2022 aka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi. A watan Yunin 2022 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes baki ɗaya, kuma ana ta sabunta ta. Dubban mutane sun bar ƙauyukan bakin iyaka, wasu kuma sun tsallako daga Burkina Faso, da yawansu sun raɓa da 'yan uwa a Dapaong da kewaye.

Mutumin Maiduguri ko na Diffa ya san abin da irin wannan hali ke yi wa rayuwar gari. Taron dare ya ragu, mai biki ya gajarta hidimarsa, makaɗi ya rasa gayyata, duk wani babban taro sai da izini da jami'an tsaro. A nan ne katangar filin wasa ta samu wata daraja da ba ta da ita a da. Wuri ne da za a iya tsare ƙofarsa, a duba mai shiga, a san wanda ke ciki. Hukuma ta fi samun natsuwar ba da izini a irinsa fiye da buɗaɗɗen dandali. Ni kuwa ina ganin barin mutane su taru ɗin yana cikin maganin matsalar. Saurayin da aka raba da gonar ubansa, ya zo birni ba aiki, idan ya rasa ko wasan ƙwallo na yammacin Lahadi, me aka bar masa? Masu neman jan hankalin irinsa ba su rasa lokacin zama da shi. Gwamnatin Togo ta ƙaddamar da shirin gaggawa na yankin Savanes a 2022, domin hanyoyi da ruwa da lantarki da asibitoci da makarantu. Duka wajibi ne. Wurin da matasa za su taru su yi ihu cikin aminci ya cancanci shiga wannan lissafi.

A farkon 2023 ma, da gwamnati ta shirya zagayen ganawa da manoman ƙasar yanki-yanki, daga Dapaong aka fara, shugaban ƙasa na lokacin Faure Gnassingbé da kansa ya je, daga baya zagayen ya biyo ta Sokode. Irin wannan taro na nuna wani giɓin: garuruwan biyu suna buƙatar babban wuri mai rufi. Abin da aka saba shi ne ɗakin taron otal, ko zauren wata ma'aikata, ko na coci, ko kuma a kafa tantuna. Bikin aure da na suna kuwa, kamar a Kano, titin unguwa ake tarewa a jera kujerun haya.

Komai na Lome

Manyan wuraren taro na Togo a bakin teku suke. Filin Kegue, wanda China ta gina aka buɗe a 2000, a Lome yake, nan tawagar ƙasa ke wasa. Babban zauren taro na ƙasa a Lome yake. Gidan sinima da dandalin wasa na CanalOlympia da aka buɗe a 2017, mai kujeru 300 a ciki da fage a waje, a Lome yake. A arewa, Kara ce kaɗai ke da babban zauren taro na a zo a gani, kuma yankinta ne mahaifar iyalan da ke mulkin ƙasar tun 1967, can ne kuma ake kokawar Evala kowane Yuli. Ko ita Karar, ƙungiyoyinta ASKO da ASCK, waɗanda suka mamaye gasar Togo a shekarun baya-bayan nan, idan suka shiga gasar Afirka sai sun gangara Lome su karɓi baƙi, tafiyar fiye da kilomita 400. Mutumin Dapaong da ke son ganin Djené sanye da rigar ƙasarsa, tafiyar sama da kilomita 600 ce a gabansa. Yawanci sai dai ya biya kuɗin gidan kallo ya gan shi a talabijin.

Nijar, wadda ba ta fi Togo arziki ba, ta gwada wata hanya. Gasar kokawa ta Takobin Ƙasa, da aka fara a Tawa a 1975, zagaya jihohi take yi, don haka kowane babban birnin jiha ya samu fagen kokawarsa: na Dosso mai sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram mai sunan Langa-Langa, na Maraɗi mai sunan Kantu. Fagage ne masu sauƙin gini, zagayayyu, kowa na kallon tsakiya, kuma bayan kokawa ana wasu tarurrukan a cikinsu. Haka bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba da aka riƙa kaiwa jiha-jiha, Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Zinder Sabuwa a 2018, ya bar wa garuruwan gine-ginen taro da na wasanni. Ba duka aka kula da su yadda ya kamata bayan an watse ba, wannan ma darasi ne. Amma zagayayyen fage irin na kokawa ya fi dacewa da wasan wuƙa da rawar girbi fiye da dogon filin ƙwallo, zai kuma sauke wa ciyawar ƙwallon rabin nauyinta.

Wa ke riƙe da makulli

A ranar 30 ga Yunin 2019 Togo ta yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko tun 1987, aka raba ƙasar gida 117. Sokode ta faɗa cikin Tchaoudjo 1, Dapaong cikin Tône 1. Ma'anar wannan ita ce filin gari yanzu yana da magajin gari da kansiloli zaɓaɓɓu da za a iya tsayarwa a tambaya. Nawa aka karɓa na haya a bara, ina kuɗin suka shiga? Wa ke tsara kalandar filin, kuma a ina aka liƙa ta? Ƙungiyar mata ko ta ɗalibai za ta iya samun rana kamar yadda mai mulki ke samu? Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi a Sokode musamman. Daga garin ne zanga-zangar 19 ga Agustan 2017 ta jam'iyyar PNP ta Tikpi Atchadam ta fi ƙarfi, aka rasa rayuka, kama wani limami a watan Oktoba ya ƙara rura wutar, daga baya aka hana zanga-zanga a garin na tsawon lokaci. Garin da ya ga haka yana buƙatar wurin taro da kowane ɓangare zai yarda nasa ne.

Sauran buƙatun a fili suke ga duk wanda ya taɓa yini a irin wannan wuri: inuwa a ɓangaren talakawa, famfon ruwa, makewayi na mata daban da na maza, wurin alwala tunda ana sallah a ciki, da fitilu domin a riƙa wasa bayan rana ta yi sanyi.

Wanda ya fi su gaggawa shi ne ƙofa. Tsaro na son ƙofa ɗaya ƙunƙuntacciya domin a binciki kowa, ceton rai kuma na son ƙofofi da yawa masu faɗi, kuma dole a samu duka biyun. A Accra, ranar 9 ga Mayun 2001, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, mutum fiye da 120 suka mutu. A ranar 1 ga Disamban 2024 irin haka ta faru a Nzerekore, wani birnin lardi a kudancin Gini, a filin gari mai katanga irin waɗannan: rigima kan hukuncin alƙalin wasa, jifa, hayaƙi mai sa hawaye, sai turmutsutsu a bakin ƙofa. Gwamnati ta ce mutum 56 ne suka rasu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce adadin ya ninka haka, kuma da yawansu yara ne. Filayen Sokode da Dapaong suna tara tsofaffi da mata masu goyo da ƙananan yara a ranakun Idi da na biki, mutanen da ba za su iya haura katanga ba. Kafin kowane babban taro, ya kamata magajin gari da shugaban 'yan sanda su zagaya da ƙafarsu su ƙirga ƙofofin fita, su tabbatar kowace tana buɗewa ta waje, an cire mata kwaɗo, kuma an tsayar da mutum a bakinta har a watse.